Fitilar da Ta Daina Kamawa

Ƙanena direba ne, ni kuwa malamin lakkol, wato makarantar boko, don haka duk abin da na sani game da mota a bakinsa na ji shi, kuma ba da son raina ba. Idan ya fara zancen taya sai tuwo ya huce. Motar da yake tuƙawa wata farar a-kori-kura ce da wani Alhaji ya saya hannun Turawan furoje, masu aikin raya karkara, lokacin da suka tattara nasu ya nasu bayan sojoji sun karɓi mulki. Da ita yake kai gero da mai da sukari kasuwanni, daga Filinge zuwa Bonkuku, zuwa Damana, har Sanam.

Abin da ya fi so a jikinta wata 'yar fitila ce ruwan ɗorawa a gaban sitiyari. A cikin kowace taya, daidai bakin da ake ba da iska, akwai 'yar na'ura kamar ɗan dabino, wadda masu garaji ke ce wa kaptar. Da iska ta fara raguwa sai ta sanar, fitila ta kama, mota ta yi ƙara. Na sha yi masa tsiya cewa mahaifinmu da ƙafa yake shurin tayar amalanke ya san halinta. Shi kuma ya ce a zamanin Baba in taya ta sace a daji sai a shimfiɗa buzu a dafa shayi. Yanzu hanyar Sanam ba wurin tsayawa ba ce. Masu bindiga sun san inda mota ke rage gudu, kuma wanda ya durƙusa da jak a can ba kullum yake miƙewa ba. Fitilar tana ba shi lokacin da zai lallaɓa ya kai gari, ya canza taya cikin mutane. Ta yi masa haka ba sau ɗaya ba.

Sai aka rufe iyaka, kayan Kwatano suka daina zuwa. Tayoyin motar suka cinye, sababbi irin nata marasa tif suka yi ɓatan dabo. Abin da aka samu tsofaffi ne masu tsaga, waɗanda ba sa riƙe iska sai an sa musu tif a ciki. In kuwa aka sa tif, kaptar ba ta da wurin zama. Mai faci na bakin tasha ya ciro su huɗu ya zuba a gwangwanin tumatir. Daga ranar fitila ta kama ta ƙi mutuwa, ƙara kuma ba dare ba rana. An ce akwai wasu da ake ɗaurawa daga waje, amma sai an gabatar da su ga ƙwaƙwalwar motar da wani inji, injin kuma yana Yamai, mai shi ma an ce ya bar ƙasar.

Ƙarar ce ta dami Alhaji, domin yakan zauna gaba zuwa Bonkuku, kuma fasinja suna cewa motarsa ba lafiya. Mai faci mutum ne mai dabara, irin dabararmu da ba ta gyara abu sai dai ta rufe masa baki. Taya ɗaya ce ta rage mai kyau, sukur ɗin da ke rataye ƙarƙashin mota don ranar wahala. Ya buɗe ta, ya zuba kaptar huɗun nan ciki, ya ɗura mata iska har ta yi tauri, ya mayar. Aka murza makulli, fitila ta mutu. Ina wurin, na ga mutane suna dariya suna sa masa albarka, shi kuma yana goge hannu da tsumma kamar likita.

Ƙanena bai yi dariya ba. Da muna komawa gida ya ce, “Yaya, yanzu ko tayoyin ga huɗu sun hwashe, ce mini za ta yi lahiya lau.”

Na ce ya ajiye makullin. Ya tambaye ni ko albashin lakkol zai ciyar da gida biyu, ni ma kuwa na san ba zai ciyar ba. Na je wurin Alhaji da kaina, ya karɓe ni da mutunci, ya ce da iyaka ta buɗe zai sayi sababbi. Na fito ina cin zuciya. Har yau ban san wa ya kamata in fi jin haushi ba.

Daga nan ƙanena ya koma shurin taya a kowane gari, kamar Baba. Amma ƙayar aduwa ba ta jiran gari. Wata ranar kasuwar Sanam ya tafi da safe, la'asar ta yi, magariba ta yi, bai dawo ba. Sojoji ne suka ga motar a gefen hanya, tayar baya ta yage har ƙarfe, alamar ya daɗe yana tafiya a kanta cikin yashi bai sani ba. Kaya babu, shi ma babu. Jak na ƙasa, takalminsa ɗaya kusa da shi.

Ba mu yi zaman makoki ba, don babu gawa. Matarsa ta ƙi shiga takaba, ni kuma ba ni da bakin ce mata ta shiga. Iyakar da aka ce za ta buɗe, mun gaji da sauraron rediyo a kanta.

Da aka jawo motar Filinge na je garaji na zauna a kujerarsa. Ban san abin da nake nema ba. Na leƙa ƙasa, sukur na nan a rataye, bai samu ya kwance ta ba, da taurinta kamar ranar da aka ɗura ta. Na murza makulli. Fitilu suka kama gaba ɗaya, suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har da ta taya.