Sahun Gaba, Kafaɗa da Kafaɗar Alhaji

An kwana biyu da faruwar wannan abu, ni kuma mai yawan kokwanto ne, saboda haka ba zan rantse a kan kowace kalma ba.

Da na gama jami'a na samu aikin akawu a wani injin casar shinkafa a Haɗeja. Damina ta zo ta wuce ba mu ga albashi ba. Na tambayi Alhaji mai injin, cikin ladabi a ganina. Washegari na tarar da ɗan ƙanwarsa a kujerata, maigadi kuma ya raka ni bakin ƙofa yana ba ni haƙuri.

Na karanta cewa doka ba ta yarda a sallami ma'aikaci haka ba, amma ambaton kotu kawai sa ni zufa yake. Ga mai ɗakin da nake haya ya fara gaishe ni a tsaitsaye. Sai na tuna maigadi ba shi da iko da ƙofar masallaci.

Na koma salla a masallacin unguwar Alhaji, sahun gaba, dama da shi. Da ya yi sallama, fuskata yake fara gani. Ya koma ƙarshen sahu, na bi shi. Ban taɓa yi masa maganar kuɗi ba, iyakata in ce, "Alhaji, ya aiki?"

"Kai, babu masallaci a unguwarku ne?" ya tambaye ni wata rana a hankali.

"Akwai, ranka ya daɗe. Nan ɗin ya fi iska."

Wata La'asar, ga baƙinsa daga garin Malam Madori, sai ladan ya dafa ni ya ce, "Alhaji, ka yi dacen yaro! Ko ɗan cikinka bai bin ka haka. Wane matsayi ka ba shi yanzu?"

Alhaji ya yi tari. Ni kuwa na sunkuyar da kai, ina jin don kunya ne.

Kafin Magariba adaidaita ta sauke buhunan shinkafa a ƙofar ɗakina, da saƙon in gaida limamin unguwarmu. Mai ɗaki ya ɗauki nasa. Kujerar dai ba ta dawo ba.

Har yau ban sani ba ko ladan da gangan ya yi. Duk wanda yake sahun nan ranar, don Allah ya aiko mini da gyara.