Tsinke Goma Sha Takwas

Ranar wata Asabar ce, saura kwana tara a koma lekol, wato makarantar boko, shekarar da na ci jarrabawar shiga aji biyar. An kwana ana ruwa, layinmu na Zongo duk ya zama taɓo, awakin Mma sun hau kan tulin bulo sun ƙi sauka. Ina bakin rijiya ina jan guga sai na ji Baba daga rumfarsa da ke ƙofar gida: "Sale! Idi! Ku wanke hannu ku zo." Sale yayana ne, shekara biyu ya ba ni. Muka same shi zaune, gabansa gangar wani injin niƙa a kan tebur, an zare ƙarfen da ke juyawa a cikinta, an kwantar da sabuwar jar waya a ramukanta talatin da shida. Ya ɗauki alli ya ja layi ya raba gangar biyu, ya ce: "Sha takwas naka, sha takwas naka. Kowa ya feƙe tsinkensa ya rufe ramukansa kafin Azahar. Wanda nasa ya yi, shi zai zauna da ni a rumfar nan. Ɗayan ya koma lekol." Ya ci gaba da shan kokonsa, kofin yana rawa a hannunsa.

Rawar hannun nan ita ce dalili. Baba naɗin inji yake yi. Injin niƙa, famfon ruwa, fanka, janareta, duk wanda ya ƙone a Zongo da kewaye wurinsa ake kawowa, ya cire ƙonanniyar waya ya naɗa sabuwa. Tun damina ta fari hannunsa na dama ya soma karkarwa, ga shi yaron da ya koya a wurinsa shekara biyar ya gama, ya tafi Adidogome ya buɗe tasa rumfar. Naɗa waya Baba yana iyawa ko da rawar hannu, don a kan katako ake juya ta. Abin da ya gagare shi shi ne rufe rami. Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Cikin gangar inji akwai dogayen ramuka a jere, bakin kowanne ƙunci, cikinsa faɗi. A shimfiɗa takarda mai kauri a ciki, a kwantar da waya, a naɗe bakin takardar a kanta. To in an bar ta haka, da inji ya tashi wayar za ta riƙa motsi, ta gogi ƙarfe, fatarta ta saluɓe, wuta ta haɗu, shi ke nan ya ƙone. Shi ya sa ake feƙe tsinken gora, a zura shi ta bakin ramin daga wannan gefe zuwa wancan, ya danne wayar. In ya yi siriri bai riƙe komai ba. In ya yi kauri ya yaga takarda ya ji wa waya ciwo. Baba yakan ce, "Waya kowa ya naɗa. Hana ta motsi shi ne aikin."

Gorar ma ba kowace ba ce. Sau biyu a shekara mukan bi Baba a ƙafa zuwa bakin kogin Zio, ya zaɓi tsofaffi ya sare, mu ɗauko a kai ƙaiƙayi yana cin wuyanmu. A tsaga su, a ɗaure, a jera a saman murhun Mma, hayaƙi yana dukansu har shekara ta zagayo. Ɗanya ba ta aiki, don in ta ji zafin inji sai ta tsotse ta saki wayar. Tun ina shekara bakwai fiƙar gora ta shiga cikin aikina na gida, kamar jan ruwa da yi wa awaki ciyawa. In an taso daga makarantar allo da asuba, a sha koko da ƙosai, a tafi lekol, a dawo, sai a ba mu wuƙa da ɗaurin gora. Sale yakan feƙe biyar ya ce cikinsa na ciwo, can sai ka jiyo muryarsa a filin ƙwallo bayan masallaci. Ni kuwa ban damu ba. Da ragowar nake yin kejin tsuntsu da motar gwangwanin madara. Amma mu ragewa kawai muke yi. Daidaitawar ƙarshe da zurawa a rami, Baba bai taɓa barinmu mu yi masa ba sai ran nan.

Ni lekol nake so, ba wani ɓoye-ɓoye. Ina son warin sabon littafi, ina son taswirar da ke bango, ina son yadda Metir Kosi, malamin ajinmu, yake kiran sunana in ya gaji da amsar sauran. Ni nake karanta wa mutanen gidanmu takardar asibiti da ta wuta. Akwai wani a layinmu da ke aikin rubutu a tashar jirgin ruwa, kullum biro uku a aljihun gaba, takalminsa ba taɓo. Shi nake so in zama. Sale kuwa ya maimaita aji sau biyu har na kamo shi. A lekol ɗinmu akwai ƙoƙon katantanwa da ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa ko Mina, wanda ya wuni da shi a wuya shi ke shan bulala. Katantanwar nan kamar da sunan Sale aka ɗaure ta. Shi rumfa yake so, don a rumfa ba mai dukansa saboda Faransanci.

Da Baba ya aike mu ɗauko gora, muka tsaya bayan madafi. Sale ya kama wuyan rigata ya ce, "Kai dai ka ɓata naka, sauran ka bar mini." Na ce, "Yaya, ka ma san inda ake fara zurawa?" Ya ce, "Rufe mini baki, ɗan gidan Metir. Kana son lekol ko ba ka so?" Na ce ina so. Muka tofa yawu a ƙasa muka taka, yadda muke yi in an ƙulla magana.

Baba ya zaunar da mu gefe da gefe, shi a tsakiya yana jan carbi da hannun hagu, ba damar in taimaki Sale. Na zauna ina tunanin yadda zan ɓata. In na karya su, ko na yaga takarda, zai gane da gangan ne, don ya san ba haka hannuna yake ba. Sai na ga gara in yi abin da zai yi kama da na yaron da ya ƙoƙarta amma bai kai ba. Na gwada tsinken farko a bakin rami, na ji inda ya kama, na zare shi na ƙara masa wuƙa ɗaya a ciki. Ya shige sumul, ido ba zai ga komai ba, amma in ka tura da farce yana tafiya. Haka na yi wa na biyu, haka na uku, har sha takwas. Sale yana can yana bugu da gudumar katako, yana gumi, yana tsaki. Na ji ƙarar karyewa sau biyu. Na gama tun rana ba ta kai tsaka ba, na zauna ina kankare wuƙa don kada a ce na riga shi.

Bayan Azahar mai injin ta iso. Da Afi ake ce mata, 'yar Ewe ce mai niƙa a kasuwar Asiyeye, mace mai jiki da murya, Hausarta ta ciniki. Tun daga bakin layi take cewa, "Malam Garba, mata sun cika mini ƙofa da masara, kwana huɗu ba tuwon akume a unguwa! Ko so kake su niƙa ni?" Baba ya ce ta zauna ta sha ruwa. Ya jawo gangar ya fara da gefen Sale. Yana tura kowane tsinke da farcen babban yatsa, yana ɗan ƙwanƙwasawa yana saurare. Wasu sun kama, wasu suna lilo, biyu sun karye a ciki, ɗaya ya yaga takarda har jar waya ta leƙo. Ya juyo gefena. Ya tura na farko, ya tafi. Na biyu, ya tafi. Da ya kai na shida sai ya daina turawa, ya zare su duka sha takwas, ya jera su a kan tebur kai da kai, ya shafa yatsa a bayansu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya sake shafawa. Ni dai ina kallon ƙasa, raina fes, na ɗauka na tsira.

Sai ya ce, "Sale, naka kuskure ne. Na Idi ƙarya ce." Da Afi ta ce, "Kai Malam, ɗan yaro ne fa, ina ya san ƙarya da itace?" Baba ya tura mata tsinkayen ya ce, "Shafa ki ji. Wanda bai iya ba, wani ya yi masa kauri, wani ya yi siriri. Ba ya kuskure iri ɗaya sau goma sha takwas. Wannan ya san inda daidai yake, ya wuce shi da wuƙa ɗaya." Ta shafa, ta dube ni, ta kama baki. Ya juyo gare ni, muryarsa ba faɗa: "Da hannuna bai ji ba, injin nan wata biyu zai yi ya ƙone. Matar nan 'ya'ya biyar take ci da shi. Da abincinsu ka yi wasa. Ɗauki wuƙa. Talatin da shida, kafin La'asar."

Bai dake ni ba. Na ɗauki wuƙa na feƙe, na cire na Sale, na sake takardar da ya yaga, na rufe ramukan duka. Ban ƙara tunanin ɓatawa ba, Da Afi tana zaune tana kallon hannuna. Baba ya bi su da farce, ko ɗaya bai motsa ba. Aka ɗaure kawunan wayar da zare, aka zuba berni, man da ke bushewa ya ƙame waya, aka ajiye a rana kan kwano. Injin nan ya yi shekaru yana niƙa, har matar ta tsufa ta bar wa 'yarta.

A daren nan Baba ya ce ni zan zauna a rumfa, Sale ya koma lekol. Mma ba ta yarda ba. Washegari ta kwaso gorar da ke saman murhunta gaba ɗaya ta watsar a tsakar gida cikin taɓo, ta ce hayaƙinta ba zai ƙara gasa abin da ya cire mata ɗa daga karatu ba. Baba ya tsince su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa mai rawa, ya goge, ya kai saman murhun maƙwabta. Sati biyu ba ta kai masa abinci da kanta ba, sai aike. Da aka koma lekol Metir Kosi ya zo har rumfa, ya cire hula, ya yi ta magana, rabi Mina rabi Faransanci, wai yaron nan kansa na ja, a bar shi ko shekara biyu ya samu takardar gama firamare. Baba ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ɗaga hannunsa na dama ya riƙe a gaban fuskarsa. Metir ya kalli hannun, ya mai da hularsa. Bayan wata uku ya kawo fankarsa gyara, ni na naɗa ta. Sale ya koma aji da littattafaina, bai cika shekara ba ya gudu ya bi motocin shanu zuwa arewa. Lekol ta rasa mu duka biyun. Yanzu yana Adakpame yana sayar da tsofaffin tayoyi, in mun haɗu a suna ko jana'iza ba ma tada zancen.

Shekara talatin da wani abu ke nan ina rumfar nan. Baba ya rasu, Mma ta bi shi. Inda muke sarar gora an yanka filaye, duk gidaje ne. Yanzu abin rufe rami a shago ake saya, dogo kamar tsintsiya, na roba ko na kwali mai tauri, ka yanka da almakashi ka zura, ko yaro ya iya. Injinan da ake kawowa rabinsu farar waya ce a ciki, in sun ƙone mai su ya yar ya sayi sabo. Bayana ya ƙage, idona sai da tabarau. Ni dai har yau ina ajiye 'yar gora don tsofaffin injina, don kunnena ya saba da ƙarar da busasshen tsinke yake yi in ya zauna daidai, robar nan kuwa shiru take shiga.

Watan jiya 'yata Hadiza, tana aji biyar, ta biyo ta rumfa bayan an tashi, tana jira in gama mu tafi gida. Ina can ina ɗaurin waya, ashe ta ɗauki wuƙa tana feƙe gora tana waƙa. Ta miƙo mini ta ce, "Baba, duba, ya yi?" Na aike ta sayo ruwa, na zura shi a ramin injin da ke gabana. Ya zauna gam, na tura da farce bai motsa ba. Da ta dawo na ce mata bai yi ba, hannunta ba na wannan aikin ba ne, ta ɗauki jakarta. Ta ɓata rai har gida. Ban sani ba ko na kyauta.