Kawu Manu Ba Ya Goge Barka da Juma'a

Duk wanda ya taɓa jerawa da Kawu Manu a hanya ya san ba a sauri da shi. Kansa a sunkuye yake tafiya, idanunsa a ƙasa, kamar wanda allurarsa ta faɗi. Takarda yake nema, kowace iri ce, muddin akwai harafin Larabci a jikinta. Sai ya durƙusa ya ɗauka, ya karkaɗe ta, ya ninke, ya zura a aljihun gaba. Ku da kuka saba zama a rumfarsa ta kasuwar Lolo, inda yake sayar da koma da ƙugiya da zaren kamun kifi, kun ga buhun da yake tara su a ciki.

Ni Sanusi, ɗan ƙanwarsa, na fi kowa ɗanɗana wannan ɗabi'a. Tunda an yi addu'ar arba'in tuntuni, hawaye kuma sun bushe, ina ganin ina da damar faɗin nawa.

Wata rana na goya shi a babur daga Bagudo za mu Lolo. Muna tsakiyar tafiya sai ya daki kafaɗata da ƙarfi, har na zaci maciji ya gani. Na tsaya. Ya sauka ya koma baya da ƙafa, ya dawo riƙe da ledar biskit mai rubutun Larabci.

Na karɓa na duba, na ce, "Kawu, wannan ba aya ba ce. Cewa aka yi akwai fulawa da sukari da man gyaɗa."

Ya fizge abarsa. "Kai kas san haka. Harafin shi bai san ga biskit aka buga shi ba. Mu tahi."

Wannan duk mai sauƙi ne, domin buhu ba ya neman haya. Matsala ta fara ne shekarar da babban ɗansa ya saya masa babbar waya. Kawu mutum ne mai jama'a. Masuntan wannan gaɓa da na tsallake, na ƙasar Benin, duk abokan cinikinsa ne, kuma kowannensu ya ɗauki tura masa hoton gaisuwa a matsayin wajibi. Barka da Juma'a, barka da asuba, barka da shan ruwa. Wasu da Hausa, wasu da Faransanci, kowanne da aya ko salati a samansa da furanni a gefe. Kafin shekara ta zagayo wayar ta cika, ta daina karɓar komai.

Ya aiko a kira ni daga makarantar da nake koyar da Hausa. Na zo na duba, na ce abu ne mai sauƙi, gogewa za a yi. Na zaɓi hoto guda domin in nuna masa. Kuskuren da na yi shi ne na bar shi yana kallon fuskar wayar.

"Dakata. Wanga ɗan zane da za ka taɓa, mi ne ne?"

"Alamar gogewa ce, Kawu."

"Ban tambaye ka aikinai ba. Hoton mi ne?"

Ba na ƙarya, ko da gaskiya za ta cuce ni. Na ce hoton kwandon shara ne.

Ya zare wayar daga hannuna a hankali, kamar mai karɓe wuƙa daga hannun yaro. "Shekara huɗu ka yi jami'a, don ka zo ka saka sunan Allah ga kwandon shara."

Na yi bayani iyakar iyawata. Na ce babu kwando, babu shara, haske ne kawai a kan gilashi. Na nuna masa cewa hoto ɗaya ne mutum goma suka turo, a bar guda a cire tara. Ya ce, "In mutum goma sun yi maka sallama, ɗaya kaka amsa ma wa, ka bar tara don kalmar iri ɗaya ce?"

Da na rasa mafita, sai na buɗe masa ma'ajiya ta yanar gizo, irin wadda ake biya duk wata, hotuna su riƙa hawa can wayar ta samu sarari. Kawu ba shi da katin banki, don haka na sa nawa. A raina na ce wata biyu ne ya gaji. Shekara huɗu aka yi. Duk farkon wata, tun albashi bai gama zama ba, sai saƙo ya shigo cewa an cire. Ma'ajiyar ta cika, aka koma babba. Naira ta faɗi, farashi ya hau. Ni kuwa a lokacin ina tara kuɗin rufin ɗakin da zan sa amarya, kuma kowane kwano da ban saya ba na san inda ya tafi.

Na yanke shawarar kai maganar gaban Liman, domin Kawu ba ya musu da malamai, aƙalla haka nake zato. Muka same shi a zaure bayan Azahar. Na shimfiɗa mas'alar dalla-dalla. Liman ya saurara, ya ce babu laifi ko kaɗan, rubutun waya ba kamar na takarda ba ne, kuma ai ko allo wanke shi ake yi.

Kawu ya ce, "Allah shi gafarta Malam, allo in an wanke, ina ruwan ka zuwa?"

"A sha, ko a zuba a wuri mai tsarki."

"To wanga in an goge, ina shika zuwa?"

Liman ya dube ni. Na ce ba ya zuwa ko'ina, ɓacewa yake yi. Kawu ya ce bai taɓa jin abin da ya tashi bai tafi ko'ina ba. Sannan ya buɗe wani hoto mai Ayatul Kursiyyu da ruwan zinariya, ya miƙa wa Liman da hannu biyu.

"Tunda halas ne, Malam shi buɗe muna da hannunai mai albarka. Ga kwandon nan ƙasa."

Liman ya riƙe wayar. Ya matso da ita kusa da ido, ya nesanta. Ya yaba kyawun rubutun. Daga nan ya ce fatawa dai ya bayar, amma tsantseni ma abu ne mai kyau, kuma yana da baƙi a cikin gida. Kafin mu fita ya karɓi lambar Kawu. Daga wannan mako shi ma ya shiga sahun masu turo barka da Juma'a.

Dabarata ta gaba ta fi wannan muni. Na sayi ɗan katin ajiya na waya, na kwashe hotunan kaf na zuba a ciki, aikin da ya cinye mini hutun ƙarshen mako. Na kai masa na ce ga su nan a hannunsa, babu wanda ya ɓace, saura a rufe waccan ma'ajiyar. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya sa mini albarka. Ya naɗe katin a ƙyalle mai tsabta.

"To in an rufe waccan, na cikinta hwa?"

"Za su share su, Kawu. Amma ai ga irinsu nan."

"Af. Da guda muke tsaro, yanzu ka mai da su biyu."

Ranar da haƙurina ya ƙare, ranar kasuwar Lolo ce. Damina ta kusa, ɗakina babu rufi, kuma da safen aka cire kuɗin. Na iso rumfar na tarar da masunta uku suna taya koma. Ban jira sun tashi ba, wanda kuskure ne. Na ce yau zan soke ma'ajiyar, ko ya yarda ko bai yarda ba. Na zauna a kan benci na buɗe shafin a wayata, shi kuma ya leƙo ta kafaɗata yana neman fassarar kowane layi.

Shafin farko ya tambaya ko na tabbata. Na ce na tabbata. Na biyu ya nuna mini abin da za a rasa, ya sake tambaya. Na uku ya roƙe ni in zauna a rage mini farashi na ɗan lokaci.

Kawu ya juya ga masuntan. "Kun gani ko? Na'urar nasara ta fi ɗan ƙanwata kunya. Sau ukku tana ba shi haƙuri."

Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo daga tsallake, ya ce in ji tsoron Allah, domin rabin hotunan shi ya turo su.

Na daure na danna. Sai shafin ya ce an aika lambar tabbatarwa zuwa layin mai ma'ajiyar. Na manta cewa da layin Kawu na buɗe ta, kuma layin Benin ne, domin shi ya fi kamawa a rumfar. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Muka dubi juna. Ya ciro ta, ya duba, ya mayar, ya maɓalle aljihun.

"Kawu, lambar."

"Wace lamba? Malam Audu, koma nawa kac ce kana so?"

A nan ne na ɗaga masa murya. Na ce shi yake tsoron Allah amma aljihuna ne yake biya.  Ya ci gaba da auna zare. Na hau babur na tafi, kuma na yi mako uku ban je gaishe shi ba. Da na je, ya tambayi makaranta da ɗalibai, ya sa aka kawo mini fura, bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Bayan girbin shekarar Kawu ya kwanta ciwo, kwana tara Allah Ya karɓi abinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, bayan sadakar bakwai na tuna cewa layin nan yanzu yana hannun iyalinsa, kuma lambar ba za ta yi wuyar samu ba. Ina cikin wannan tunani aka ce Liman yana nemana wurin rabon gado. Na yi mamaki, tunda ɗan ƙanwa ba ya gado inda akwai 'ya'ya. Ashe wasiyya ce. Kawu ya faɗa wa Liman ita a gaban shaidu biyu, tun makon da muka yi waccan rigima.

Ya ce a ba ni jar akuyarsa. In riƙa sayar da 'ya'yanta ina biyan ma'ajiyar, abin da ya yi saura nawa ne. Ya ce a sayar da buhun shinkafa huɗu a rufe mini ɗaki kafin wata damina. Liman ya maimaita kalmominsa yadda ya faɗe su: "Yaron ga ya ɗauki kayan da ba nashi ba shekara huɗu, kuma gaskiya yaf faɗi. Ran da akuyar taƙ ƙare, shi soke, babu komi kainai."

Na tambayi Liman ko wasiyya irin wannan ta inganta. Ya ce ba ta kai sulusi ba, kuma ni ba magaji ba ne, don haka ta zauna daram. Na lura bai yi maganar tsantseni ba a wannan karon.

Akuyar kuwa ba ta da niyyar ƙarewa. Tagwaye ta haifa, tagwayen ma sun fara haihuwa. Sun cinye wa maƙwabcina wake, sun cinye igiyar shanya, kuma ni da na karanta nahawu na zama mai yankan ciyawa kafin in tafi aji. Ma'ajiyar tana nan, ana cirewa duk wata, ba ta ƙara taɓa albashina ba. Ruwan bana ya sauka a kan rufin ɗakina, ko ɗigo bai shigo ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Na je gidansa sau da yawa bayan ranar kasuwar nan, na sha furarsa, amma ban buɗe baki na ce ya yafe mini ba, ina jiran ranar da ta dace. Allah Ka jiƙan Kawu Manu, Ka yalwata masa makwanci, Ka karɓi girmamawar da ya yi wa sunanKa. Ni kuma Ka yafe mini muryar da na ɗaga masa a gaban mutane. Amin.