Gangar da Bun-rye Ta Fasa

Matso kusa ka zauna, ka ji abin da ya sa tsohuwa Bun-rye ba ta gaisa da yayan mijinta ba, shekara talatin cur.

Mijinta Man-deuk manomin shinkafa ne, shi da sansa guda. Ranar da haƙorin garma mai tsatsa ya huda masa tafin ƙafa cikin taɓon taki, ita da hannunta ta danna masa daddawar waken suya a ciwon, yadda kowa ke yi a garin. Ya mayar da ƙafa ruwa, ya ci gaba da huɗa.

Bayan kwana tara, cokali ya ƙi shiga bakinsa. Muƙamuƙi ya sarƙe, leɓe ya yage kamar mai murmushi.

"Baban Gil, wasa kake min?" in ji ta, don da sunan ɗansu take kiransa. Sai hawaye ta gani a idonsa.

Ta ruga wajen malamar allura. Malamar ta ce tsinkau-tsinkau ne, ƙwayar cuta ta shiga ta ciwon, a kai shi asibitin birni yau, kada a yi ko tari kusa da shi, don ƙara ce ke tayar da jijiyoyin.

Tana dawowa ta tarar yayansa, Man-seok, ya kawo bokanya har tsakar gida, da ganga da kuge. Duk bugu ɗaya, sai gadon bayan Man-deuk ya gantsare kamar baka, ƙeya da dunduniya kaɗai ke taɓa tabarma.

"Kun gani? Aljanin na fita!" in ji Man-seok.

"Yaya, ku bari! Kashe shi kuke yi!"

"Ke matar ƙanena, yaushe mai daddawa ta zama likita? Koma madafa."

Madafar ta koma kuwa, ta fito da taɓarya. Bugu biyu, fatar ganga ta ɓarke. Ta ɗaura amalanke a wuyan san nan nasu, ta lulluɓe mijin da bargo ta ja shi ciki, ba wanda ya kama mata ko ƙafa. Kafin su kai gada numfashinsa ya ɗauke.

Tun daga nan, duk wanda ƙusa ta soka a garin, yaro ko dattijo, da zagi take kora shi har gaban malamar allura.

Man-seok dai har ya tsufa yana cewa ita ta katse maganin. Kai da ka ji, da ka gaishe shi?