Ranar da na buɗe wa Nainai ƙofa

A shekarata ta uku ta karatun jinya a Guangzhou aka tura ni koyon aiki wani gidan kula da tsofaffi masu ciwon mantuwa, abin da a gida muke ce wa gigin tsufa. Wata biyu zan yi, kuma sai babbar nas ta sa hannu a takardata kafin in wuce aji na gaba. Gajerar mace ce, amma dokokinta sun fi ta tsawo. Kada a bar ruwa a ƙasa, kada a bar almakashi a fili, waya kuma a kulle ta a durowa. Uwar dokokin ita ce ta ƙofa. Lambobin sirri gare ta, kuma duk mai shuɗin warwaron roba a hannu ba ya fita sai da ɗan rakiya. Na ce a raina, wannan ai ko yaro ya iya.

Sai dai ni goyon kaka ce. A gidanmu na Kano babba ba ya riƙe kaya yaro yana tsaye, kuma ba a tambayarsa ina za shi.

Kwanana huɗu a wurin, da la'asar, sai ga wata tsohuwa tsaf da ita, da kwat mai dogon hannu da jan baki da jaka a rataye. Na ɗauka ziyara ta zo.

"Yarinya, buɗe mini," ta ce.

"To, Nainai," na ce, wato Kaka.

Jikina na rawa na danna lambobin. Tarbiyya ba ta bar ni na tsaya nan ba, na karɓi jakar na bi bayanta. Maigadi ya ga fararen kayana ya ɗauka rakiya ce, har da ɗaga mana hannu. Muka miƙe titi ina ta jin daɗin kaina, an ga 'yar mutunci.

A wurin jiran bas ta ce, "An kusa tashi daga makaranta. 'Yata tana aji biyu, in ba ta gan ni a bakin ƙofa ba kuka take yi."

Na dube ta da kyau. Matar nan ta ba tamanin baya. Ta janye hannun riga za ta duba agogo, babu agogo, sai shuɗin warwaro. Ashe tana cikin masu ciwon mantuwar.

An koya mana ba a jan su, ba a musu da su. Wayata tana durowa, ga bas can ta shawo kwana. Sai na yi abin da na sani tun ina ƙarama, na zube gwiwa bibbiyu a gabanta na kama gefen kwat ɗinta. Yaren da na shekara uku ina koyo ya gudu ya bar ni.

"Ki yi wa Allah ki yi wa Annabi mu koma," na ce da Hausa.

Mutane suka fara tsayawa kallo. Nainai ta sunkuyo a tsorace.

"Faɗuwa kika yi? Ba ki ci abinci ba, ko? Tashi, akwai masu magani nan baya, na san wurin."

Ban yi musu ba. Na tashi ina ɗingishin ƙarya, bas ta zo ta wuce, ita kuma ta riƙe ni gam har gaban babbar nas, wadda ta fito a guje da ma'aikata uku.

"Wane irin wuri ne wannan?" Nainai ta daka mata tsawa. "Kun bar marar lafiya ta fita titi!"

Ma'aikatan suka juya baya suna danne dariya. Babbar nas ko murmushi ba ta yi ba. Ta ja ni ofis ta ce, "Da bas ɗin ta riga ki fa?" Kunya da tsoro suka rufe ni. Ta ce doka ce a sanar da iyali, ni zan yi bayani da bakina, kuma in suka kai ƙara, zamana ya ƙare.

Kafin magariba 'yar Nainai ta iso. Ita ma furfura ta cika mata kai. Na faɗa mata komai ban rage ba, na sunkuyar da kai ina jiran ruwan faɗa.

"Ina ta ce za ta?" ta tambaye ni.

"Makaranta. Wai za ta ɗauko ki, kada ki yi kuka."

Ta nemi kujera ta zauna. Sannan ta ce wa babbar nas a bar ni in ƙarasa aikina, ba ta da ƙara. Ta cire tabarau ta goge ido da bayan hannu.

"Shekara uku ke nan ina zuwa duk mako ba ta gane ni," ta ce. "Na ɗauka ta manta tana da 'ya."