Ranar da Zailani tela ya yi shanu

Duk wanda ya zauna Boukoki shekarar da sojoji suka karɓi mulki ana cikin fari ya san Zailani tela, in bai san shi da ɗinki ba to ya san shi da Janar. Ɗan Tawa ne, ya zo Yamai yana da shekara sha shida da jaka ɗaya da ɗan faransancin da ya tsinta a lakwal, makarantar boko, kafin ya gudu, ya koyi keken ɗinki wurin wani mutumin Maradi har ya samu rumfarsa ta kansa, kwano huɗu da labule. Hannunsa yana da kyau a wuyan riga, wannan kowa ya yarda. Amma shekarar nan wa ke ɗinki? Mutane hatsi suke nema, kogi ya janye har yashi ya fito tsakiya wajen Gaweye, keke sai ya wuni a rufe da zane. To shi ya sa da an yi azahar sai ka ga Zailani ya ja labule ya tsallaka titi ya shiga sibar, shagon intanet.

Sibar ɗin ɗaki ɗaya ne, odinata, wato kwamfuta, guda shida, fanka ɗaya tak, Balkisa ke tsaronsa, ɗaliba ce a jami'a, kullum daga Lamordé take tsallako gada da littattafanta. A nan ake buga wasan da suke ce wa Kumbo, sunansa na gaske dogo ne babu mai iya faɗa. Kyauta ne, kowa a duniya yana shiga, a ba ka jirgi a sararin sama ka yi ta yawo tsakanin taurari kana harbi ana harbinka, kana kwaso duwatsu masu daraja kana gyara jirginka. Zailani ne ya fara gano shi a kartiye, wato unguwar, shi ya buɗe wa kowa suna, shi ya haɗa rundunar ƴan Boukoki, ya sa wa kansa Janar Zai. Kuma shi kaɗai ke karanta musu abin da aka rubuto a ekiran, gilashin odinata, ya juya da Hausa, don sauran direbobi ne da masu tebur, Balkisa kuwa ta ce ita ba ta shiga shirmen maza masu harbin duwatsu. Kwamanda shi ke zama a odinata lamba ɗaya, wadda ke daidai ƙarƙashin fanka kuma surinta, ɗan abin da ake ja da hannu a kan tebur, ba ya maƙalewa. Shekara biyu babu wanda ya ɗora gindinsa a kujerar nan sai Zailani, in ya makara ma a bar ta a wofi.

Sai ga Harouna. Ɗan kawunsa ne, taubashinsa, sa'arsa, ya sauka a tasha da sanda da buta da ƙafa duk faso, shanunsa sun ƙare a hanyar neman ciyawa. Ya zauna rumfar Zailani sati biyu ba ya magana, in ya buɗe baki to zancen Kyalla ne, saniyarsa mai farin goshi, yadda take jin muryarsa, yadda take tafiya. A fada wurin shayi kowa ya haddace Kyalla. Zailani ya gaji ya ce tashi mu je ka ga duniya, ya zaunar da shi a lamba shida kusa da ƙofa inda zafi ke shigowa, ya buɗe masa suna Baƙauye227 yana dariya.

“Taubashi, wannan ba sanda ba ce, a hankali ake riƙe ta,” in ji Zailani yana ɗora masa hannu a suri.

“Naka hannun da ya saba da allura ai shi ya dace da ita,” in ji Harouna. “Ni nuna mini inda ake juyawa kawai.”

Wata ɗaya aka yi. Harouna ba ya bin kowa da harbi, ba ya son duwatsu, sai ya tsaya can bayan manyan jiragen kaya yana tafiya a hankali yana duban gefe da gefe kamar yadda ya saba bin garke, kafin ɓarayi su fito daga bayan tauraro shi ya riga ya juya hanci wajen. Jirgin da ya raka bai taɓa faɗuwa ba. Mutane daga ƙasashen da ba su ma san inda Nijar take ba suka fara turo saƙo suna neman Baƙauye227 ya raka su, kuma wa zai karanta saƙon? Zailani. Ya karanta da bakinsa, ya juya da Hausa da bakinsa, wai kai gwani ne, wai babu irinka. Shi shekara biyu yana harbi babu wanda ya taɓa rubuto masa ko sannu.

Jibo mai taksi, Bazabarme mai baki, shi ya fara fito da maganar a fada yana zuba shayi. “Janar, ka dai ga yadda ake yi a ƙasar nan, mutum ya ci abincin rana yana shugaba, kafin la'asar kujera ta tafi. Ni dai ina ganin lamba ɗaya ta fara kallon baƙauye.”

Aka yi dariya, Zailani ma ya yi. Ya koma rumfa ya ɗinke hannun riga a baibai sai da ya farke.

Ana cikin haka masu wasan suka sa sanarwa, wai kowa ya rubuto ra'ayinsa a kan Kumbo, abin da yake so da abin da ba ya so, za su duba. Sibar ya kaure. Jibo ya ce a rubuta masa wasan zalunci ne, mai koneksiyo mai gudu, wanda intanet ɗinsa ke sauri, ya kashe ka tun kafin jirginka ya gama bayyana. Wani ya ce in kuran, wutar lantarki, ya ɗauke bai kamata a bar jirginka tsaye a sama ana cinsa ba. Wani ya ce a sa kiɗa. Jibo ya ƙara da cewa to ga alƙali ya zo, wanda nasaru suka ɗauki maganarsa shi ne kwamanda, kowa ya ce ya yarda, Zailani ya fi kowa ɗaga murya don shi ke da faransanci.

Ya zauna zai rubuta nasa, kai ya ƙi. Shekara biyu amma da ya duba cikinsa babu komai sai wasa mai kyau, na gode, a ƙara bindigogi. Ya goge ya sake, abin da ya sake fitowa ke nan. Sai Harouna ya jawo kujera ya zauna gefensa ya ce rubuta mini nawa, kamar yadda ake zama gaban mai rubuta wasiƙa a ƙauye, kai faɗa shi rubuta.

“Ka ce musu ni makiyayi ne,” in ji Harouna a hankali, idonsa a ƙasa. “Shanuna bakwai na kora kudu, shida suka faɗi a hanya, Kyalla ta kai har bakin rijiya muka tarar ta ƙafe, nan ta kwanta. Ka ce wasansu yana da kyau amma sama ɗin nan tasu babu rijiya. Mutum ya yi tafiya mai nisa jirginsa ya gaji, ko'ina ya tsaya harbi. Mu a wurinmu ko kuna gaba da mutum, a bakin rijiya ba a faɗa, kowa ya jira layinsa ya shayar ya wuce. Su yi wuri ɗaya haka. Shi ke nan.”

Zailani yana bugawa, tun kafin ya kai ƙarshe ya san wannan ta fi tasa nesa ba kusa ba. Mutumin da bai san ko harafi ɗaya ba. Harouna ya tashi ya tafi alwalar la'asar, Balkisa kanta na cikin littafi, sai Zailani ya yi abin cikin minti ɗaya, ya tura maganar rijiya da sunan Janar Zai, ya shiga sunan Baƙauye227 tunda shi ke riƙe da lambar sirrin kowa ya tura guntuwar da shi Zailani ya rubuta. Bai cire komai ba, ko kalma, don sauri yake kada a dawo daga masallaci. A ransa wani nasara ne can a ofis zai karanta shi kaɗai, in an dace a turo cewa Janar Zai ya ci, shi kuma ya faɗa wa jama'a abin da ya ga dama, ai shi ne bakin ekiran.

Sati uku shiru. Ranar wata Talata rana tsaka zafi kamar a gasa mutum, kuran ya dawo bayan awa huɗu, kowa ya ruga ya kunna, sai ga shafin farko ya canza a duka odinata shida. Hoton wani sabon wuri a sama, zagaye, shuɗi, jirage sun yi layi, a samansa manyan haruffa, a ƙasa dogon rubutu da sunan Janar Zai. Zailani ya miƙe tsaye ya ce kun gani, kun gani, sun ɗauki tawa, sun yi wurin da ba a harbi.

Jibo ya matsa da fuskarsa kusa da gilashi. Faransanci ba ya ja, amma mai taksi yana haɗa harafin allon hanya. “K, Y, A... Kyalla. Kai Janar, me ya kai saniyar baƙauye sama?”

Harouna ya taso daga lamba shida ya zo ya tsaya.

“Karanta mana,” in ji Jibo.

Zailani ya fara, wai ya ce wasan yana da kyau amma a yi wurin hutawa, yana tsallake layi, bai ankara ba Balkisa ta ajiye littafi tana tsaye bayansa.

“Malam Zailani, ka bar layi uku a sama,” ta ce.

“Karanta duka, taubashi,” in ji Harouna.

Babu hanya. Ya karanta. Ni makiyayi ne, shanuna bakwai.

“Shanu bakwai,” in ji Jibo yana riƙe ciki. “Tela, ina kake ɗaure su, ƙarƙashin keke? Da zare kake ba su ko da ƙyalle?”

Dariya ta ɓarke har mai shayin waje ya leƙo. Harouna bai yi ba. Ya bari aka lafa sannan ya tambayi Balkisa, to da sunana me aka tura? Ta duba ta nemo a can ƙasa cikin dubban ra'ayoyi ta karanta, wasa mai kyau, na gode, a ƙara bindigogi.

“Ni ban taɓa neman bindiga ba,” in ji Harouna.

Babu wanda ya kori Zailani, babu wanda ya ce tashi. Tsaye yake dama, sai Jibo ya ja kujerar lamba ɗaya baya kaɗan ya dubi Harouna, Harouna ya zauna, iskar fanka ta sauka a kansa. Zailani yana kallon rigar da shi ya ɗinka masa tana kaɗawa a kafaɗa. Ya juya zai fita, Harouna ya kamo bakin rigarsa.

“Ina za ka? Nuna mini wanne ne sunanta.”

Zailani ya sa yatsa a gilashi ya bi haruffan shida ɗaya bayan ɗaya. Harouna ya daɗe yana kallo, ya sa nasa yatsan ya bi.

Sunan da ke shafin bai canzu ba, Balkisa ta rubuta wa masu wasan sau biyu ba su amsa ba, wata guda cur Janar Zai na nan a gaba. Saƙo ya dinga zuwa akwatin Zailani, abin da ya shekara biyu yana jira, daga ƙasashe iri iri, wani ya ce ya yi kuka, wani ya ce kakansa ma yana da shanu, wata ta tambaya ko an yi ruwa yanzu. Kullum bayan azahar sai ya ja labulen rumfa ya tsallaka titi, ya buɗe a lamba shida cikin zafi, ya kwafe a takarda, ya jawo benci gefen lamba ɗaya ya karanta wa Harouna, Balkisa na jin kowace kalma daga teburinta.

Ran nan ya gama karanta wani dogo ya ninke takardar ya ce, “Wannan ma gaisuwar Kyalla ce. Kai ko saniyarka ta fi ni suna.”

“Ta fi ka hankali ma,” in ji Harouna, idonsa na kan jiragen da yake rakawa. “Akwai saura?”

Akwai saura huɗu. Zailani ya matsa da bencin kaɗan ko gefen iskar zai same shi, bai same shi ba, ya buɗe na gaba.