Taken Sarkin Noma a Wayar Oga

Ko da zan manta da ranar da aka ba ni takardar kama aiki, ba na jin zan manta da ranar gayyar Daudawa. Ku da kuka shigo aikin malamin gona kwanan nan kun sha jin ana tsokanata da "Malam Kabiru, a sako mana take," kuna taya dariya ba ku san mafari ba. To yau ga mafarin, tunda an ce in ba ku labari ɗaya kafin abinci ya iso.

A lokacin ina ƙaramin malamin gona a wani shirin tallafa wa manoma da ke da ofis a Faskari, an ba ni shiyyar Daudawa. Damina ce, cikin watan Yuli, muna da gonar gwaji ta sabon irin masara. Tsarin gonar gwaji shi ne ofis ya ba da iri da taki, ƙungiyar manoma ta ba da fili da ƙarfi, malamin gona kuma ya tsaya ya ga an bi ƙa'ida. Mun zuba taki na biyu, saura huɗa, wato a bi da garma a tayar da ƙasa a rufe gindin masara kafin ruwa ya wanke takin. Aiki ne na hannu da yawa, shi ya sa muka kira gayya. Kun kuma san yadda shekarun nan suke a yankinmu, saboda rashin tsaro ba wanda ke bari la'asar ta same shi a gona.

Gayya a can ba ta tafiya sai da gangar noma. Kowane gwarzon manomi yana da takensa, wani ɗan kiɗa da kirari da aka san nasa ne shi kaɗai. In makaɗi ya kaɗa takenka sai ka amsa: ka ɗaga garma, ka fice daga sahu, ka kai kunyar da kake bi ƙarshe kafin kowa. Wanda ya ji takensa ya noƙe, kafin magariba labari ya riga shi isa gida.

Sarkin Noman ƙungiyar wani dattijo ne, Baba Nomau, siriri kamar karan dawa, ya haura sittin da kyau. Abin da yake tinƙaho da shi a duniya guda ne: tun yana saurayi bai taɓa jin takensa ya ƙi amsawa ba. An daɗe ana lallaɓa shi ya sauka ya bar wa ɗan ƙanensa Ɗanladi sarautar, wani ƙato da garma ke zama kamar cokali a hannunsa. Kullum amsarsa ɗaya ce, wai ranar da ganga ta kira shi bai tashi ba, a zo a yi maganar.

Da sassafe ranar gayya aka aiko mini cewa kunama ta harbi makaɗin garin, Baba Audu, a hannun dama, hannu ya kumbura ko gula ba ya iya riƙewa. Ga maza sun taru da garemani, mata sun dama fura, ba ganga. Ina cikin wannan zulumi sai ga motar shugaban shirinmu, Alhaji Lawal, wanda muke kira Oga. Mutumin kirki ne, amma Allah ya jarabce shi da son kayan zamani. Na faɗa masa halin da ake ciki, sai na ga yana murmushi kamar an yi masa albishir.

"Malam Kabiru, kai har yanzu kana zamanin da," in ji shi. "Duk kiɗan Baba Audu yana cikin wayata."

Ashe shekara guda kafin nan wasu masu adana al'adu sun zo sun ɗauki kiɗan Baba Audu, taken kowa da kowa a ƙungiyar, suka ɗora a wata manhajar sauraren waƙoƙi ta intanet. Oga ya fito da lasifika daga bayan mota, muka rataye ta a reshen ɗorawa, ya haɗa da waya. Na tambaye shi ta yaya za mu riƙa zaɓar wanda za a kaɗa wa. Ya ce ai daɗin abin ke nan, ba sai mun zaɓa ba. Manhajar tasa ta kyauta ce, ba ta barin mutum ya zaɓi waƙa, ita ke gaurayawa ta jefo wadda ta ga dama, abin da suke kira shoful. "Adalci zalla," in ji Oga. "Na'ura ba ta san ɗan wani ba."

Maza suka ja sahu. Oga ya danna. Take na farko da ya fito na Sarkin Noma ne: "Bajimin gona, rana ta gan ka ta kauce." Gona ta ɗauki sowa, kowa na cewa lallai wayar nan ta san girma. Baba Nomau ya ɗaga garma, ya yi wani juyi, ya kama kunya ya kai ta ƙarshe yana waiwayen samari. Ni kaina sai da na tafa masa.

Bayansa aka sako taken wani mutumin Pauwa da bai ma zo ba. Sai kuma muryar wata mata ta cika gona tana tallan sabulun wanka, maza suka tsaya da garemani a sama suna duban juna, wani ya tambaya ko taken wa ke nan. Ana cikin dariya ganga ta dawo. Bajimin gona. Baba Nomau ya sake ficewa. Aka yi waƙar gayya ta kowa da kowa, ba ta ko ƙare daɗi ba sai ga shi kuma. Bajimin gona.

Daga nan abin ya zama wasa. Da waƙa ta kusa ƙarewa sai gona ta yi tsit, kowa ya kasa kunne, da an ji bugun farko na taken sai a kwashe da dariya har wasu na zama a kan kunya. Mata masu fura suka fara taya amshi. Oga ya danna alamar tsallakewa, waya ta tsallake take ta sako tallan katifa, ta dawo kan take. Ya sake dannawa, ya sake, sai ta rubuto masa cewa damarsa ta tsallakewa ta ƙare, ya jira ko ya biya kuɗin wata. Ya juya wayar sama da ƙasa, ya goge ta da hannun riga. Na yi dariya har hawaye, na juya baya don kada ya gani.

Samari kuwa suka fara ƙorafi. Ɗanladi ya zo ya ishe ni a gindin ɗorawa yana huci.

"Malamin gona, wai wayar ga nawa Baba ya ba ta? Tun sahe ko sau guda ba a kira ni ba. Ni ba namiji ba ne?"

Na ce ya yi haƙuri, layi zai zo kansa. Ya ce wanga layi dai mutum guda gare shi.

Da rana ta take, dariyata ta fara komawa ciki. Na lura Baba Nomau ya daina juyin nan. Rigarsa ta jiƙe sharaf, in ya kai ƙarshen kunya sai ya dogara da ƙotar garma ya daɗe kansa a ƙasa. Duk da haka da take ya fito sai ya miƙe. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga mutumin nan ya gwammace ya faɗi a gona da a ce an kira shi bai amsa ba.

Na raɗa wa Oga cewa mu kashe, mu ce caji ya ƙare. Ya ce maza je ka. Na lallaɓa wajen lasifika, na miƙa hannu ke nan sai na ji muryar dattijon daga tsakiyar gona.

"Malamin gona, in ka taɓa abin nan ban yahe ba. So kake a ce an kashe ganga don a cece ni?"

Na janye hannu kamar na taɓa wuta. Gaskiyarsa ce, kowa ya ga inda na nufa kuma kowa ya san dalili. In na kashe na zubar masa da abin da ya tara tun yana saurayi, in na bari kuma ban san a wace kunya zai kife ba. Oga ya cire hula yana fifita, ya ce, "Malam Kabiru, kai ne mai shiyya." Ku riƙe wannan, haka manya ke cewa in abu ya cakuɗe.

Aka sami ɗan sauƙi, waƙoƙi biyu suka wuce da talla ɗaya, mutane har sun fara cewa an rabu da Bukar. Sai ga bugun nan kuma. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Baba Nomau ya miƙe a hankali, ya ɗaga garmarsa sama sosai yadda kowa zai ga ya amsa. Amma maimakon ya kama kunya, sai ya taka zuwa inda Ɗanladi yake tsaye.

"Kai, tun ɗazu na ji kana ƙorahin ba a kira ka ba. To ga shi an kira ka."

Ɗanladi ya ce, "Baba, ai naka ne."

"Na Sarkin Noma ne. Da yamma mu tahi wajen mai gari in hwaɗa mishi da bakina. Riƙe nan." Ya danƙa masa garmar. "Amsa, kada ganga ta jira."

Guɗar da mata suka yi ranar, ina jin an ji ta a bakin titi. Ɗanladi ya sunkuya ya taɓa ƙafar dattijon, ya zabura ya kama kunya, ƙasa na tashi ta ko'ina. Baba Nomau ya taho gindin ɗorawa yana takawa ɗai-ɗai kamar ango, ya zauna, aka miƙo masa ƙwaryar fura. Ya sha, ya goge baki, ya dube ni ya ce, "Ka shaida dai, na amsa." Na ce na shaida, Baba.

To ita waya ba ta san an yi naɗi ba. Sabon Sarkin Noma bai gama mayar da numfashi ba ta sake sako take. Ta sake. Ta yi tallan sabulu ta sake. Ɗanladi da ke neman a kira shi sau ɗaya ya fara duban lasifika kamar zai yi kuka, shi kuwa tsoho yana kishingiɗe a inuwa yana ɗaga ludayi: "Amsa, Sarki! Ba kai ke so ba?" Samari suka ji tausayinsa suka riƙa rufa masa baya gaba ɗaya, gona ta rikice da gudu da dariya. Kafin azahar ta wuce an gama huɗa tas. Oga ya mayar da hularsa ya ce dama ya san tsarin zai yi aiki.

Daga baya wani ya ce mana irin waɗannan manhajoji sukan karkata ga abin da mai waya ya fi ji, Oga kuma ya amsa cewa taken nan yake sha a mota tun daga Ƙanƙara har Sabuwa. Wani ya ce a'a, sa'a ce kawai, gaurayawa takan yi haka. Har yau ban san mai gaskiya ba.

Kafin in koma Faskari na biya in duba Baba Audu makaɗi. Na ishe shi a zaure, hannu a naɗe da tsumma, labari ya riga ni isa. Ya yi dariya har yana riƙe hannun. Da ya natsa sai ya tambaye ni ko sau nawa aka kira Nomau. Na ce ban ƙirga ba, amma da yawa. Ya girgiza kai.

"Ni sau guda nake kiran shi," in ji shi. "Da sanyin sahiya, kuma sai na ga sahu ya zo gehen da kunya ta hi gajarta. In ya kai ƙarshe sai in ja waƙar kowa da kowa, in yi ta ja har in ga ƙirjin shi ya kwanta. Shekaru ke nan ina yi mishi haka. Shi bai sani ba, kada kuma ka hwaɗa mishi."

Ban faɗa wa Baba Nomau ba, har Allah ya karɓi abinsa bara waccan. Na hau babur ranar ina dariya, amma ban yi nisa ba na ji idona ya cika. Duk garin na ganin Baba Nomau bai tsufa ba, ashe abokinsa ne ke rufa masa asiri da ganga.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. Za a ba ku jadawali daga ofis, za a ba ku manhajoji, kuma ku yi amfani da su, ni ma yanzu da waya nake duba hasashen ruwa. Amma mutanen da za ku yi aiki da su ba sa cewa sun gaji, ba sa cewa ba su iya ba, musamman a gaban jama'a. In za ka kira manomi ya yi wani abu a bainar mutane, dubi ƙirjinsa tukuna, ka kuma dubi tsawon kunyar da ke gabansa.

Ɗanladi har yanzu shi ne Sarkin Noma. Duk gayyar da za a yi, kwana biyu kafin ranar yakan je da kansa ya share ɗakin Baba Audu, ya ɗaga tabarma, ya zazzage takalma, don kada a sake samun kunama.